Karen da Ke Haushi Lokacin Ruku'u

Karen da ya fi ba ni wahala a sana'ata bai taɓa cizon kowa ba. Baƙi ne, tsoho, bakinsa ya yi furfura, idonsa na hagu ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. A bakin titin Basirka na same shi ranar kasuwa, cikin kejin waya a bayan babur ɗin masu sayen karnuka, irin waɗanda suke lodinsu su yi kudu da su. Sauran karnukan suna ta kuka suna cizon waya, shi kuwa ya cusa kansa a kusurwa ya yi shiru. Na ba da zakarana da ɗan ciko, aka sauke mini shi.

Saboda ku samarin yanzu na fara da shi. Kwanan baya ɗana ya kawo abokansa su ga yadda nake yi, wai sun gani a waya ana ce wa kare zauna ya zauna, kwanta ya kwanta. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Inna Kande, ai abin ba wuya, abinci ne da bulala." Baƙo ne, ruwa kawai na ba shi. Amma tun da Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana har na iya riƙe biro, bari in rubuta a hankali, wanda ya ga dama ya karanta.

Ni ba horon kwikwiyo nake yi ba. Kwikwiyo kowa ya iya, ice ne ɗanye. Ni busasshe ake kawo mini. Karen mafaraucin da ya rasu 'ya'yansa ba sa shiga daji, karen Fulanin da suka tashi suka bar shi a kufai, karen gadin 'yan aikin titi da suka gama suka kwashe kayansu. Irin waɗannan nake karɓa, in riƙe su a bayan gidana har hankalinsu ya kwanta, sannan in nema musu gidan da ake bukatar gadi. Masu lambu a fadama, masu awaki a gefen gari, matan da mazansu suka tafi cin rani, su ne masu zuwa wurina, daga nan Gwaram har Wurno ta wajen Birnin Kudu. Ba sa son kwikwiyo, don ɓarawo ba zai jira shi ya girma ba. Wani ya ba ni hatsi, wani kaza, wani ya ce Allah ya saka, duk ina karɓa.

Karya ta farko da na zaunar, ban daɗe da fara ɗaukar tulu ba. Mahaifina mafarauci ne, ni ce mai dama wa karnukansa dusa da ƙasari, mahaifiyata tana mita wai an mayar da 'ya mace yaron karnuka. Wata rana ya dawo da wata ja da aka yasar, ya ɗaure ta a gindin ɗorawa. Na ɗauki kasko na nufe ta kai tsaye. Ya riƙe mini hannu. Ya ce in koma in ɗauko faifai da gyaɗa, in zauna nesa da ita, in juya mata gefe, in yi ta ɓarar gyaɗata kamar ba ta wurin. Na ce, "Baba, har yaushe?" Ya ce, "Har ta gaji da jiran abin da za ki yi mata." Haka na yi ta wuni ina ɓara. Ranar da ta zo da kanta ta shinshina ƙafata, ya ce kada in taɓa ta, in ci gaba da gyaɗata. Ya kuma hana ni abu guda har ya zame mini jiki: kada in taɓa tsayawa a kan baƙon kare, kada in ranƙwafa masa. In zan yi ƙasa, in tsugunna a gefe.

Har yau faifan gyaɗa shi ne babban kayan aikina. Sai igiyar rama, don ba na sa wa sabon kare sarƙa, ƙararta kaɗai tana hana wasu cin abinci. Sai kaskonsa shi kaɗai, da ƙuli-ƙuli da nake farfasawa ƙanana in ƙulle a bakin zane. Idan an san gidan da ya fito, nakan roƙi tsumma ko tsohon buhun da yake kwanciya a kai. Ina da zanen aiki dabam da na salla, ina da sabuluna a bakin turke. Tun ina sabuwar amarya na sa aka tambayar mini malamai, suka ce karen gadin gona da na dabbobi da na farauta babu laifi a riƙe shi, kuma wanda ya riƙe, hakkin ci da shansa yana wuyansa.

Shekarar haukan kare ita ce ta kusa raba ni da sana'ar. Ba na so in tsawaita a kanta. Haukan ya fara daga wani ƙauye ya bi hanya, aka yi ta cizon yara da awaki, mutane suka fito da gora da duwatsu, duk karen da aka gani a waje ba a tambayar na wane ne. Ina da guda uku a turke. Ɗaya ta fara dalala tana cizon igiya tana gudun ruwa, na aika aka zo aka gama da ita, sauran ma ba a bar su ba, ban kuma yi gardama ba. Na yi damina biyu ba kare a gidana. Da na koma, na koma da doka: duk wanda ya shigo, malamin dabbobi zai yi masa allura, zai kuma zauna a ɗaure ina kallonsa kafin wani ya kusance shi. Kuma ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: wanda kare ya ciza, ko ya yage shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya tafi asibiti a ranar. Kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

To, baƙin nan na Basirka ya sha allurarsa, na cire masa kaska, ya fara cin abinci, haƙarƙarinsa suka fara ɓuya. Ba ya wasa, ba ya kaɗa wutsiya, amma ko ganye ya motsa a bayan danga sai ya ɗaga kai. Ana nan sai ga Malam Sale daga wani ƙauye kusa da Dingaya, an goyo shi a babur. Dattijo ne mai yanar ido, gidansa shi ne na ƙarshe a unguwarsu, daga shi sai matarsa Iya Hauwa. Awaki ne rufin asirinsu, kuma an fara zare musu ɗaya-ɗaya. Ɗansa da yake Kano ya riga ya yanke magana: in dai babu mai gadi, zai turo mota a kai awakin kasuwa, su kuma su koma wurinsa.

Malam Sale ya ce, "Kande, ni in na je Kano me zan yi? In zauna a bene ina ƙirga motocin da ba na gani?"

Na ce masa karen bai gama zama ba, ya ƙara haƙuri. Ya ce motar ɗansa ba ta san haƙuri ba. Ya tsaya da sandarsa yana kallon inda yake jin numfashi, ya ce, "Shi ido ɗaya, ni rabin ido, in muka haɗa ai mun yi mutum guda." Ya sa masa suna Baƙo. Na bi su har gida na nuna inda za a kafa turke, gindin darbejiya a ƙofar zaure kusa da garken awakin, na yi musu bayanin abinci, na ce yara kada su matso, kada a taɓa shi yana ci. Satar kuwa ta tsaya cak.

Ba a daɗe ba sai ga waya. Muryar Malam Sale ce, ba dariya a cikinta. Ya ce, "Kande, ki zo. Baƙonki ya jawo mini magana."

Da na isa na tarar da Baƙo ya koma yadda na same shi a keji, kai a kusurwa, ga tsakuwoyi warwatse a gindin bishiyar. Abin da ya faru shi ne, Malam Sale saboda idonsa ba ya iya tsallaka kwarin da yake tsakaninsa da masallaci sai ranar Juma'a in an riƙe masa hannu, don haka a ƙofar gida yake shimfiɗa buzunsa. Duk lokacin da ya tayar da salla, sai karen ya hau gurnani, ya ja da baya har igiya ta ƙare, ya yi ta haushi kamar ya ga kura. Maƙwabcinsa Malam Garba ya gani, ya sake gani, ya kai magana masallaci. Baƙin kare, mai ido ɗaya, ba a san asalinsa ba, kuma ba ya ƙaunar salla. Wasu suka ce aljani ne. Wasu suka ce farkon hauka ne. Yara suka ji manya suna faɗa, suka fara jifansa suna ce masa shaiɗan.

Kada ku yi saurin zagin Malam Garba. A shekarar haukan nan 'yarsa aka ciza a hanyar rijiya, kuma ba ta tashi ba. Shi ya ce in ba a ɗauke karen ba zai kashe shi da hannunsa. Liman ne ya shiga tsakani ya ce a ba Malam Sale zuwa ganin sabon wata, ko karen ya daina, ko ya bar unguwar. Mayar da shi wurina ba wuya ba ne a baki. Amma tsohon kare in aka yi ta tumɓuke shi daga gida zuwa gida, akwai ranar da zai daina cin abinci gaba ɗaya. Ga kuma motar Kano tana jiran labari.

Na roƙi Iya Hauwa faifai da gyaɗa, na zauna a bakin zaure. La'asar ta yi, Malam Sale ya yi alwala ya hau buzu. Ya yi kabbara, Baƙo yana kwance. Ya yi karatu a tsaye, ko kunne bai motsa ba. Yana yin ruku'u sai karen ya zabura kamar an ɗana masa wuta, ya yi baya, ya shaƙe kansa da igiya yana haushi. Da dattijon ya kai goshinsa ƙasa, sai haushin ya lafa. Ya miƙe, shiru. Ya sake ruku'u, abin ya dawo sabo.

Na shiga ciki wurin Iya Hauwa. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa tana tsince shinkafa. Na ce, "Iya, ke ma yana yi miki haka?"

Ta ce, "Ni? In rana ta take, nan inuwar rumbu ake dawo da shi. Ina azahar yana kallona, har barci yake yi."

"Kin gaya musu?"

"Wa ya tambaye ni? Maza sun haɗu a masallaci sun gama shari'ar aljani, ni tsohuwa in ce me?"

Na ce ta nuna mini yadda take sallar. Ta yi dariya ta ce ai ita rabonta da tsayuwa tun bayanta ya riƙe, a zaune take yi. Shara ma a kan kujera take yinta, tana ja tana matsawa. Ashe a gidan nan kaf, ba mai sunkuyawa sai Malam Sale, shi ma sai in yana salla, don saboda idonsa komai miƙa masa ake yi a hannu.

Na fito na tsaya nesa da karen, na cire takalmina ɗaya na yar, na sunkuya kamar zan ɗauka. Baƙo ya yi tsalle ya bugi gindin bishiya. Na miƙe, ya yi shiru.

Malam Sale ya ce, "Me ya faru? Wa yake salla?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Takalmi na ɗauka."

Ya juya fuska wajen karen. Sannan ya ce, "Dutse."

Kowa a ƙasar nan ya san in kare ya biyo ka, ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, zai gudu. Mu muka koya musu, tun kakanni. Wannan kuwa an koya masa har an fasa masa ido. Na shafa gefensa daga baya na ji ƙashin da ya karye ya haɗe a karkace. Ni a gidana bai taɓa nunawa ba, don ba na ranƙwafawa a gaban kare, kuma a ɗaki nake salla.

Na je na gai da Liman ta bakin zaurensa na yi masa bayani. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ni dama na gaya musu dabba ba ta da addinin da za ta ƙi na wani. Amma Kande, tsoron Garba ba na wasa ba ne, kuma ba zan ce masa ya yi ƙarya ba alhali ya ji da kunnensa. Ki yi aikinki. Wata in ya tsaya, mu gani." Ya kuma tsawata wa yaran, na gode masa da wannan.

Ga yadda aikin yake, ku da kuka ce abinci ne da bulala. Da farko na ce duk lokacin salla a shigar da Baƙo bayan danga inda ba zai gani ba, don duk haushin da ya yi ƙara masa karatu ne. Sannan na nemo nisan da in na tsaya ba ya gurnani. Daga nan, na juya masa gefe, in ɗan rage kafaɗa kaɗan, ba sunkuyo ba, alamarsa kawai, in saki ƙuli a ƙasa, in yi tafiyata ban waiwaya ba. Ya jira in yi nisa, ya lallaɓo ya ɗauka. In dawo in sake. Safe, hantsi, yamma. Idan ya fara kallon hannuna maimakon hanyar gudu, sai in ƙara sunkuyon kaɗan, ko in matso taku kaɗan, amma ba na haɗa biyun a lokaci guda. In ya yi gurnani, ni ce na yi sauri, sai in koma baya inda muka fito.

Ba na dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani sallama ce, yana gaya maka ne ka tsaya nan. Wanda aka daka har ya daina sallama, shi ne yake cizo ba sanarwa.

Da ya saba da ni, na ce saura mai gida, don ba ni zan zauna da shi ba. Malam Sale ya ɗaure fuska. Ya ce, "Ni fa ba zan riƙe ƙuli a hannu ina gaban Ubangijina ba."

Na ce, "Wa ya ce, Baba? Salla dabam, wannan dabam. Wannan da hantsi za mu yi, ba buzu ba alwala."

Haka ya yi ta yi, sanda a hannu ɗaya, ƙuli a ɗaya, ya sunkuya ya ajiye ya juya, ni ina gaya masa inda karen yake. Iya Hauwa tana leƙe ta danga tana cewa, "Malam, ashe bayan nan yana lanƙwasuwa? Da na ce ka ɗauko mini muciya ka ce ya riƙe." Shi kuma ya ce, "Sunkuyon da na yi a kwanakin nan, da a gona na yi shi da tuni na gama maimai."

Ina zuwa ina komawa a babur, wani lokaci in kwana wurin Iya Hauwa. Har mun kai inda Malam Sale zai sunkuya sosai a kusa, Baƙo ya tsaya yana lasar baki. Sai ranar nan carbinsa ya suɓuce, ya kai hannu ƙasa da sauri bai yi tunani ba. Karen ya kai cizo a iska, haƙoransa suka yi ƙas, ya koma kusurwa. Ranar ko ƙulin bai kalla ba. Dattijon ya zauna a kan turmi ya ce, "Shi ke nan, mun zubar." Na ce ba mu zubar ba, kare tsoho haka yake, ya yi gaba ya dawo, amma hanyar da ya taɓa bi ba ta ɓace masa. Muka koma can nesa muka faro. Bai ɗauki rabin lokacin farko ba ya dawo inda yake. Daga nan na fara barinsa a waje lokacin salla, ni ina zaune a gefensa da faifaina, in mai gida ya yi ruku'u in saki ƙuli daga zaune. Ya fara da ƙara a maƙogwaro, ya koma kallo kawai.

Wata ya tsaya. Liman ya aiko cewa zai zo da mutane su yi la'asar a ƙofar Malam Sale, kowa ya gani da idonsa. Na koma zaurensa na ce, "Allah ya gafarta Malam, mutum ɗaya ya saba da shi. Sahu guda in ya sunkuya a tare, a wurinsa taron jifa ne."

Ya ce, "Na ji ki. Amma in na ce musu a ƙara wata, Garba ba zai jira ba. Za mu yi nesa da shi gwargwadon fili."

Suka zo, suka shimfiɗa tabarmi can gefe, yara suka yi cirko-cirko a bakin kwari. Ni da Iya Hauwa muna bayan danga muna leƙe. Ba halin in zauna kusa da karen, kada a ce ni na yi masa wani abu. Aka tayar da salla. A ruku'un farko Baƙo ya zabura, ya yi haushi, ba sau ɗaya ba, ya ja igiya har ya faɗi. Iya Hauwa ta damƙe mini hannu. Suka ɗago ba abin da ya same shi. Da suka sake, ya tsaya jikinsa yana rawa, wutsiya a matse, amma bakinsa a rufe. Can wajen ƙarshe sai na ga ya sa hanci a ƙasa yana shinshine-shinshine inda Malam Sale ya saba ajiye masa.

Aka sallame. Ba a gama shafa addu'a ba Malam Garba ya ce, "Kun dai ji ya yi."

Wani ya ce, "Ya yi, amma ya bari."

"Yau ya bari. Gobe fa?"

Malam Sale ya ce, "Garba, ba salla yake wa ba. Sunkuyo ne. Gani yake za a ɗauki dutse."

"Haka matar nan ta ce muku, ku kuma kuka hau." Ya miƙe ya sa takalmi. "To in batun dutse ne, bari mu gani."

Liman ya kira sunansa, bai tsaya ba. Ya taka har kusa da inda igiyar take ƙarewa, ya sunkuya ya ɗauki dutse na gaske, cikin hannu guda, ya ɗaga. Baƙo bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Ya shimfiɗe a ƙasa, ya manna haɓarsa da turɓaya, ya juyar da kansa ta gefen idon da ya mutu, ya rufe mai kyan, yana jira. Fitsari ya biyo ƙarƙashinsa.

Malam Garba ya daɗe a tsaye hannu a sama. Sannan ya sauke a hankali. Da ya yi magana ba da kowa yake ba. Ya ce, "Waccan da ta ciji 'yata ba ta ji tsoron komai ba. Na jefe ta, na sake jifa, tana ta zuwa."

Ya dubi dutsen, ya ɗora shi a kan katangar zaure. Ya ce, "Malam Sale, a bar shi. Amma duk shekara a yi masa allura, kuma ina wurin za a yi." Ya juya wajen yaran da suke bakin kwari ya ce, "Ku kuma duk wanda na sake gani da tsakuwa a nan, ni da ubansa ne."

Ya yi kamar zai tafi, sai ya tsaya. Ya ce, "Ina abin da kuke ba shi ɗin?"

Malam Sale ya laluba aljihu ya miƙa masa guntun ƙuli. Ya karɓa ya nufi karen gaba da gaba, zai ranƙwafa a kansa. Na ɗaga murya daga bayan danga, abin da ban saba ba a gaban maza, na ce, "A hankali, Malam Garba. Ka juya masa gefe. Kada ka kalle shi."

Ya juya gefe, ya sunkuya a hankali, ya ajiye, ya tafi bai waiwaya ba. Baƙo bai taɓa ƙulin ba sai da kowa ya watse aka naɗe tabarmi. Amma ya ci, kuma a gindin darbejiyar nan ya ƙare kwanansa.